Tarihin Azumin Rage Ƙiba: Daga Likitocin Girka Zuwa Yau

Ina so a wannan fitowa mu waiwayi tarihin wani abu da ya shigo gari, wato azumin rage ƙiba. Da yawanmu mun kai shekarun da likita kan dubi tumbinmu kafin ya dubi fuskarmu, hawan jini da ciwon suga kuma sun zama abin hira duk inda tsara suka haɗu. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce ƙima, wato fiye da mutum biliyan 1 ke nan.

Azumin da nake nufi dabam yake da azumin ibada. Mai yin sa yana shan ruwa, yana shan shayi ko gahawa ba sukari ba madara, niyyarsa kuwa lafiyar jiki ce. Iri uku ne suka fi shahara. Na farko, mutum ya tattara duk cinsa cikin awa 8, ya kame baki awa 16. Na biyu, ya ci yadda ya saba kwana 5 a mako, a sauran kwana 2 kuma ya ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na uku, yau a ci, gobe a kame. Masu tallar wannan dabara kan nuna kamar jiya aka gano ta. Alhali kuwa ta haura shekara 2,000 tana zuwa tana komawa, kuma duk zuwan da ta yi sai ta bar darasi. Wanda ke shirin gwada ta ya kamata ya san abin da ya faru da waɗanda suka riga shi.

Likitocin da

Bari mu fara da ƙasar Girka. Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Abuƙrat, an haife shi wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ne kuma Turawa ke ɗauka uban likitanci. A cikin littattafan da ake danganta masa an lura cewa mutuwar fuju'a ta fi yawa ga masu ƙiba bisa ga sirara. An kuma ba mai son ramewa shawarar ya riƙa cin abinci sau ɗaya a yini, ya motsa jiki kafin ya ci, ya kwana a shimfiɗa mai tauri. Amma a cikin littattafan nan dai an yi kashedi cewa tsananta ƙarancin abinci yana da haɗari, har ga mai lafiya ma. Ashe tun daga tushe shawarar tana tafe ne tare da gargaɗinta.

Masanin tarihin nan na Tunis, Ibn Khaldun, ya taɓo wannan magana a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a shekarar 1377. Ya kwatanta mazauna hamada, waɗanda hatsi ya yi musu ƙaranci suke rayuwa a kan nono da nama, da mutanen birni masu wadatar cima, ya ce na farkon sun fi lafiyar jiki da kaifin hankali. Har da dabbobi ya buga misali, ya ce a dubi barewa a dubi akuya. Abin da ya fi muhimmanci a maganarsa shi ne sharaɗin da ya gindaya. Ya ce yunwa tana kisa ne idan aka auka mata farat ɗaya, saboda haka sai an saba wa jiki da ita sannu a hankali. Ya ƙara da cewa komawa ga cin abinci ma sai a hankali, domin wanda ya daɗe da yunwa ya koma wa cimarsa ta da kwatsam yana iya halaka. Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu sake haɗuwa da ita bayan shekara 600.

A ƙasar Italiya kuma an yi wani attajiri, Luigi Cornaro, mutumin Banis da ya zauna a garin Padua. Kafin ya kai shekara 40 ciye-ciye da shaye-shaye sun kayar da shi, ciwon ciki da na gaɓɓai sun sa shi gaba, har likitoci suka ce masa ko ya sake hali ko ya yi shirin tafiya. Sai ya yanke wa kansa abincin da bai wuce giram 340 a yini ba: burodi, da romo, da ƙwai, da ɗan nama. Ya warke, ya kuma haura shekara 80 a duniya. A shekarar 1558 ya wallafa ɗan littafi a kan rayuwar tsakaitawa, wanda aka yi ta fassarawa ana bugawa a Turai ɗaruruwan shekaru. Ya ba da labarin cewa iyalinsa sun taɓa matsa masa ya ƙara ɗan abinci saboda tsufa, da ya ƙara sai ya kwanta ciwo, da ya koma ma'auninsa sai ya miƙe. Labarin yana da daɗin ji, amma shaidar mutum ɗaya ce a kan kansa. Irin wannan shaida ita ce ta riƙe maganar azumin lafiya har zuwa ƙarni na 20.

Zamanin barin karin kumallo

A ƙarshen ƙarni na 19 sai abin ya ƙaura zuwa Amurka, ya zama abin kallo da abin kasuwa. A shekarar 1880 wani likita mai suna Henry Tanner ya kama wani zaure a birnin Niyok, ya zauna kwana 40 ba ya cin komai sai ruwa da yake sha, jama'a suna biyan kuɗi suna shiga kallonsa, jaridu kuma suna buga labarinsa kullum. Likitoci da yawa sun ɗauka ba zai kai ba. Da ya kai, ya kuma buɗe baki da madara da kankana bai mutu ba, sai mutane suka fara cewa lallai akwai wani sirri a cikin yunwa.

Wanda ya mai da abin tsari shi ne Dokta Edward Dewey na garin Meadville a jihar Pennsylvania. A shekarar 1900 ya fitar da littafi yana kira ga jama'a su bar karin kumallo. Hujjarsa ita ce barci hutu ne, wanda ya kwana yana hutawa kuwa ba shi da yunwar gaskiya da safe, sabo ne kawai ke kai shi ga kwano. Ya ce a ci sau biyu, da rana da kuma maraice. Wanda ya lissafa zai ga ya yi kama ƙwarai da tsarin awa 16 da awa 8 ɗin nan da ake yayi yanzu. Littafin ya karɓu ƙwarai har a Ingila. Sai dai Dewey bai tsaya nan ba, ya shiga cewa doguwar yunwa tana maganin kusan kowace cuta. Shahararren marubucin nan Upton Sinclair ma ya bi sahu da nasa littafin a 1911, yana yabon azumi a matsayin maganin cututtuka barkatai.

A nan ne aka je neman gira aka rasa ido. Wata mata mai suna Linda Hazzard, wadda ta ce a wurin Dewey ta yi karatu, ta buɗe gidan jinya a ƙauyen Olalla cikin jihar Washington. Takan sa majinyata yunwa ta makonni, ba abin da suke sha sai ɗan romon tumatir da makamantansa, tana ce musu dafin jiki ne ke fita. Duk wanda ya galabaita sai ta ce alamar magani yana aiki ke nan, wanda ya mutu kuwa sai ta ce dama cutarsa ta riga ta ci ƙarfinsa. Fiye da mutum 10 suka rasu a hannunta. A 1911 wata Baturiyar Ingila mai dukiya ta mutu a gidan nauyinta bai kai kilo 23 ba, 'yar'uwarta kuwa da kyar dangi suka ƙwato ta da rai. A 1912 kotu ta sami Hazzard da laifin kisa ba da gangan ba, ta yi shekara 2 a kurkuku. Ita kanta a 1938 ta mutu tana cikin yi wa kanta magani da yunwa.

Yunwa ta shiga asibiti da ɗakin bincike

Duk da wannan abin takaici, likitoci na gaskiya ba su yar da maganar ba, domin sun ga yunwa tana taɓa wasu cututtuka a zahiri. A 1911 wasu likitoci biyu a Faris, Guelpa da Marie, suka ba da rahoton cewa azumi yana rage tashin farfaɗiya. Da yake ba a iya hana yaro abinci har abada, a 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara wata cima mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci, wadda ke sa jiki ya yi kamar yana azumi. Har yau ana amfani da ita ga wasu yara masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani.

Ciwon suga kuwa, kafin a gano allurar insulin, ba shi da wani magani sai yunwa. Dokta Frederick Allen yakan sa majinyaci azumi har sukari ya ɓace daga fitsarinsa, sa'an nan ya riƙa ba shi ɗan abin da zai riƙe rai. Wannan ya ƙara wa wasu watanni ko 'yan shekaru, amma sukan zama ƙashi da rai, wasu ma yunwar ce ta ƙarasa su. Ɗaya daga cikin majinyatansa ita ce Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin. A 1922 tana da shekara 14 zuwa 15, nauyinta bai wuce kilo 20 ba. A cikin shekarar aka kai ta Toronto ta ƙasar Kanada, inda Frederick Banting da abokan aikinsa suka samar da insulin. Aka fara yi mata allura, ta murmure, ta yi aure ta haifi 'ya'ya, ta rayu har 1981. Yunwa ta riƙe ta har magani ya iso, amma maganin ne ya ba ta rayuwa.

Daga nan sai masu bincike suka koma kan ɓeraye. A 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba, sun fi 'yan'uwansu tsawon rai, ko da yake sun tsumbure ba su girma sosai ba. A 1946 kuma Anton Carlson da Frederick Hoelzel na Jami'ar Chicago suka gwada hana ɓeraye abinci kwana 1 cikin 2, ko cikin 3, ko cikin 4. Suka ga kwana 1 cikin 3 ne ya fi, domin ya ƙara wa mazan kimanin kashi 20 cikin 100 na tsawon rai, matan kuma kashi 15. Wannan yana cikin binciken farko da aka yi a kan azumin tsallake kwana. Tun daga lokacin yawancin alkawuran da ake yi wa mutane game da tsawon rai daga kejin ɓeraye suke fitowa.

Abin da yunwa ke yi wa ɗan Adam kuwa, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa aka auna shi. A ƙarshen 1944 Ancel Keys na Jami'ar Minnesota ya tara samari 36 masu lafiya, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, suka yarda a gwada yunwa a kansu domin a san yadda za a ciyar da mutanen Turai bayan yaƙi. Aka rage musu abinci da kusan rabi, zuwa kalori 1,570 a yini, har mako 24, suna kuma tafiyar kimanin kilomita 35 a ƙasa kowane mako. Suka zubar da kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu. Amma jikinsu ya rage ƙona abinci ƙwarai, sanyi ya dame su, fushi da baƙin ciki suka kama su, ba su da wani tunani sai na abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girke-girke. Da aka sake su sai suka dinga ci ba ƙoshi, kitse kuma ya dawo musu fiye da na da. Wannan gwaji ba na azumin rage ƙiba ba ne, amma ya bayyana dalilin da ya sa mai rage ƙiba da ƙarfin tsiya yakan wayi gari ya fi da teɓa: jiki yana ɗaukar yunwa mai tsanani a matsayin fari, sai ya tsuke bakin aljihu, in ya sami dama kuma ya cika rumbu.

Kwana 382 ba tuwo

A shekarun 1960 likitoci suka koma gwada cikakkiyar yunwa ga masu matsananciyar ƙiba, amma a ƙarƙashin kulawar asibiti. Wanda ya fi shahara shi ne wani saurayi ɗan shekara 27, Angus Barbieri, mutumin Sikotilan. A watan Yuni na 1965 ya je asibitin Maryfield da ke Dundee nauyinsa kilo 207. An shirya ɗan gajeren azumi ne, sai ya ce zai ci gaba. Ya yi kwana 382 ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwa, da shayi, da gahawa, da ƙwayoyin bitamin da gishirin jiki da likitoci ke ba shi, suna kuma auna jininsa a kai a kai. A Yuli 1966 ya buɗe baki nauyinsa kilo 82, bayan shekara 5 kuma bai wuce 89 ba. Masu yayata labarinsa sukan tsaya nan. Amma rahoton da likitocinsa suka buga a 1973 ya ambaci wasu da suka mutu a irin wannan magani, wasunsu a daidai lokacin da aka mayar musu da abinci. Dalili shi ne, idan abinci ya shiga jikin da ya daɗe da yunwa farat ɗaya, gishirin jini yakan rikice har zuciya ta tsaya. Maganar Ibn Khaldun ke nan ta tabbata a asibitin zamani. Saboda irin wannan haɗari likitoci suka ja baya daga doguwar yunwa.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma George Cahill da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka fayyace yadda jiki ke rayuwa ba abinci. Waɗanda suka mai da hankali a darasin bayoloji za su tuna cewa hanta tana ajiye sukari. Ajiyar ba ta da yawa, kimanin giram 100 ce. Idan mutum ya kame baki, daga wajen awa 12 zuwa sama ajiyar takan fara ƙarewa, insulin ya sauka a jini, sai jiki ya juya ga kitse. Hanta ta narka kitsen ta fitar da wani makamashi da ake kira kiton, wanda a 1967 suka nuna cewa ƙwaƙwalwa ma tana iya aiki da shi. Wannan juyi daga sukari zuwa kitse shi ne ginshiƙin hujjar masu azumin awa 16.

Dawowar zamaninmu

Bayan an ɗan manta da maganar, sai ta sake tasowa a farkon wannan ƙarni, amma a sassauce. A 2011 Michelle Harvie da abokan aikinta a Manchesta ta Ingila suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata 107 masu ƙiba na wata 6. Rabi sun tsananta ragi kwana 2 a mako, rabi kuma sun rage kaɗan-kaɗan kullum. Na farko suka zubar da kilo 6.4, na biyu kilo 5.6, wato kusan kunnen doki. A 2012 kuma Satchin Panda na Cibiyar Salk a Kalifoniya ya ba ɓeraye kashi biyu abinci mai maiƙo daidai wa daida, amma kashi ɗaya awa 8 kawai ake barin su su ci. Masu ci dare da rana suka yi ƙiba, hantarsu ta yi kitse, masu awa 8 kuwa suka tsira.

Wanda ya kai maganar kowane gida shi ne Dokta Michael Mosley, mai shirya wa BBC shirye-shiryen kimiyya. An gaya masa yana da ciwon suga, sai ya shiga neman hanyar da ba ta ƙwaya ba. A watan Agusta na 2012 aka nuna shirinsa na talabijin inda ya gwada azumi iri-iri a kansa, ya tsaya a kan na kwana 2 a mako: kalori 600 ga namiji, 500 ga mace. Ya zubar da kimanin kilo 9, sukarin jininsa ya daidaita. Kwanakin da ya zaɓa wa kansa su ne Litinin da Alhamis, abin da ba zai zama baƙo ga mai karatu ba. Littafin da ya rubuta tare da Mimi Spencer a 2013 ya bazu a duniya. Mosley ya rasu a watan Yuni na 2024 a tsibirin Symi na ƙasar Girka.

A 2016 sai aka ba Yoshinori Ohsumi na Japan lambar yabo ta Nobel, saboda gano yadda ƙwayar halitta ke cinye tarkacen da ke cikinta ta sake amfani da su, musamman idan abinci ya yanke. Nan da nan 'yan talla suka ce ai Nobel ta tabbatar da azumi. Gaskiyar magana ita ce Ohsumi a kan yis ɗin burodi ya yi bincikensa, ba a kan mutane masu azumi ba.

Da aka ɗora a sikeli

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Hanyar da likitoci ke bi su gane gaskiyar magani ita ce su raba mutane kashi-kashi ta hanyar ƙuri'a, kowane kashi ya bi tsari dabam, sa'an nan a auna. An yi wa azumin rage ƙiba irin wannan gwaji sau da yawa, ga uku daga ciki.

A 2017 ƙungiyar Krista Varady a Chicago ta bi mutum 100 har shekara guda. Masu yau-a-ci-gobe-a-kame sun rage kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, masu ragi kullum kashi 5.3. Amma kashi 38 cikin 100 na masu azumin sun gudu kafin a gama, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 29 ne suka gudu. A 2020 Dokta Ethan Weiss, likitan zuciya a San Faransisko, ya gwada tsarin awa 16 da mutum 116 na mako 12. Masu azumin sun rage ƙasa da kilo 1, masu cin sau uku kuma sun rage abin da ya yi kusa da haka, sa'an nan a cikin waɗanda aka auna sosai an ga wani kaso mai yawa na abin da masu azumin suka zubar ba kitse ba ne. Weiss ya yi shekaru yana wannan azumi da kansa, da ya ga sakamakon sai ya koma karin kumallo. A 2022 kuma likitoci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suka rage wa mutum 139 abinci daidai wa daida har shekara guda, amma rabinsu daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma kawai suke ci. Waɗannan sun rage kilo 8, sauran kilo 6.3, bambancin kuwa bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba.

Akwai ɗan abin da ke nuna cewa lokacin cin abinci yana da nasa tasiri. A wani ƙaramin gwaji na 2018 a Amurka, maza 8 da ke dab da kamuwa da ciwon suga sun riƙa gama cin abincinsu na yini kafin ƙarfe 3 na rana har mako 5. Nauyinsu bai ragu ba, amma jininsu ya sauka, jikinsu kuma ya ƙara jin insulin. Mutum 8 ba su isa a yanke hukunci da su ba, sai dai abin ya yi daidai da sauran binciken da ke nuna cewa jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe bisa ga dare.

Mu ma muna da tamu shaidar a gida. Da masu bincike suka tattara awon da aka yi wa masu azumin watan Ramadan a ƙasashe dabam-dabam, sun ga yawanci mutum yakan rage kilo 1 zuwa 1 da rabi, kuma 'yan makonni bayan Salla nauyin ya dawo. Kowa ya san abin da ke faruwa a faifan buɗa-baki, daga ƙosai da kunu mai sukari zuwa soye-soye da lemon kwalba. Awa 13 ko 14 na kame baki ba sa rage tumbin wanda zai rama da daddare. Ladan ibada dabam, lissafin sikeli dabam.

Abin da tarihin ya bar mana

Idan aka haɗa wannan doguwar tafiya, daga Abuƙrat zuwa Guangzhou, za a ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Azumin rage ƙiba yana aiki, amma yawancin aikinsa ta hanyar rage yawan abin da ke shiga ciki ne, kuma ribarsa daidai take da ta wanda ya rage loma a kowane ci. Fa'idarsa ita ce sauƙin lissafi. Wani ba zai iya auna tuwo da cokali ba, amma zai iya duban agogo ya ce daga sallar isha'i ya rufe baki sai hantsi. Wani kuma in bai karya ba kansa ciwo yake yi, aiki ya gagare shi, da rana ya ci na mutum biyu. Irin wannan ya rage malmala ya bar sukari, ya fi masa. Tsarin da mutum zai iya riƙewa shekara da shekaru shi ne nasa, domin duk wanda ya saki, nauyin dawowa yake yi.

Haka kuma tarihin ya nuna waɗanda suka cutu su ne waɗanda suka zarce, ko suka ɗauki yunwa maganin kowace cuta suka bar likita. Saboda haka duk wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga, kada ya fara sai ya ga likitansa, domin faɗuwar suga tana sumar da mutum, tana ma kisa. Mai shan maganin hawan jini da mai gyambon ciki su ma su nemi shawara tukuna. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yara masu tasowa, da tsoho mai rauni, wannan ba nasu ba ne. Mu da shekaru suka fara ja kuwa, tsoka tana zubewa da kanta, saboda haka wanda zai gwada ya riƙe wake da ƙwai da kifi da nono, ya kuma riƙa taka ƙasa kullum. Ya fara da awa 12, in jiki ya karɓa ya ƙara a hankali, ya sha ruwa isasshe, musamman a bazara. In ya ji jiri ko bugun zuciya ya tsaya, jiki magayi ne. Hanyar lafiya dai a bi ta da shekara.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.